Taguwa da Jiklar Biyu

Yanzu ba mai sauraron mota. Ran nan na zauna a garejin ɗan maƙwabcina, nan bayan tashar Tanut, aka kawo masa wata mota wai tana shan mai fiye da ƙima. Ina jira in ga ya buɗe gabanta ya kasa kunne, sai na ga ya ɗauko wani ɗan akwati kamar wayar hannu, ya soka mata igiyarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya tsaya yana karatu. Akwatin ya faɗa masa abin da ya lalace, ya cire ya yar, ya sa sabo. Motar ta warke, ban musa ba. Amma har suka rabu, da mai motar da mai gyaran ba wanda ya san dalilin shan da take yi, kuma ba wanda abin ya dama. Na ce masa, "Ɗan nan, ta ina ake rage mata abinci?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, waɗannan su suke auna wa kansu." Na taso na dawo gida, na zauna a inuwar katangar da Taguwa take, na daɗe ina kallonta.

Taguwa ita ce motar da na koyi tuƙi a cikinta. Irin tsofaffin motocin dajin nan ce masu buɗaɗɗen baya, masu ja da ƙafa huɗu. Yau ba ta da taya ko ɗaya, kan duwatsu take zaune, kaji suna ƙwai a inda fasinja yake sa ƙafa. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sau da yawa, na hana. 'Yan tasha ne suka sa mata sunan, don tana shan kaɗan ta yi nisa kamar raƙuma. Sai dai wannan ba halinta ba ne, halin mai ita ne.

Mai ita wani Babarbare ne da ya taso daga Damagaram, gajere, mai ƙaramar murya, wanda ban taɓa ganin yana gudu ba, ko da ƙafa ko da mota. A tasha Baba Sannu ake ce masa a bayan idonsa, mu da muke ƙarƙashinsa kuwa Maigida muke cewa. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye a bakin kwarin Tarka, shi ya kawo ni Tanut ya damƙa ni a hannunsa, don gonarmu ba ta isar mu duka. Na yi shekaru a wurinsa kafin ya yarda in taɓa sitiyari. Aikina na safe ba ya canjawa. Da an idar da sallar asuba zan kwance matatar iska in wanke, in duba ruwa da baƙin mai, in tace fetur da ƙyallen tsohon rawani ninki huɗu, don yashin Damargu ko ganga a rufe take sai ya sami hanyar shiga. Sannan in soka ƙarfen juyi a hancinta in murɗa. Takan yi tari biyu, a na uku ta kama. Maigida yana zaune kan tabarma da kofin shayinsa, ko waiwayowa bai yi ba, zai ce, "Ta kwana lafiya," ko ya ce, "Buji na uku yana ɗingishi, kwance ka gani." In na kwance bujin kuwa, wato fulogin da ke ba inji wuta, sai in tarar da shi a jiƙe.

A lokacin mai ba abin wasa ba ne. Yanzu in ka fita daga Tanut ka nufi Balbeji, kusan kowane ƙauye akwai wani a gindin bishiya da kwalabe a jere. Samarin nan masu babur ko duba tanki ba sa yi, sai ya mutu su karkata shi su hura, su ƙarasa wurin mai kwalba. Da can wuri ɗaya ake samun fetur a garin nan, daga ganga, da famfon hannu, kuma in babbar motar da ke kawo shi daga Damagaram ta makara, to kowa ya ajiye motarsa ya nemi jaki. Da ka bar gari ba sauran ɗigo sai wanda ka ɗauka. Agogon mai na Taguwa ya mutu tun kafin in zo, Maigida bai taɓa neman gyara shi ba. Yana da wata siririyar sandar aduwa da ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa, ita ake tsomawa a tanki. Tsagogin ba lita suke nunawa ba, wurare ne. Wannan daga nan zuwa Olelewa, wannan zuwa tudun farko, wannan har kwarin Tarka. Shi ya auna su da kansa, tafiya bayan tafiya, kuma da irin tuƙinsa.

Asirin yana cikin wata 'yar jakar fata da yake ratayawa a wuya. Fasinja sun ɗauka laya ce, har wata tsohuwa ta taɓa roƙonsa ya faɗa mata malamin da ya rubuta masa. Ba laya ba ce. Jiklar ne a ciki, wato ɗan dunƙulen tagulla da bai kai ƙwallon dabino ba, mai rami a tsakiya kamar kafar allura. A jikin kafireto ake ɗaura shi, inda fetur da iska suke haɗuwa kafin su shiga inji, kuma duk man da mota za ta sha a tafiya ta wannan ramin zai bi. Sauran direbobi jiklar ɗaya gare su, wanda motar ta zo da shi. Maigida biyu gare shi, ƙarami da babba, ɗaya a mota ɗaya a wuya. In ka ɗora su a tafin hannu ba za ka bambanta su ba sai ka ɗaga ka leƙa haske ta ramin. Da ƙaramin, Taguwa ba ta gaggawa, ba ta son a matsa mata, amma mai yakan daɗe a tanki. Da babban takan zama wata mota dabam, ta ɗauki kaya ta hau tudun rairayi tana gurnani, mai kuma ya yi ta sauka a jikin sanda kana gani. Ba dama ka zauna kan ɗaya. In ka hau tudu da ƙarami ga kaya a baya, inji zai yi zafi, ya fara ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙusa a ciki, wata rana ya ƙone. In ka bi fako da babba, mai zai ƙare maka a daji. Don haka a gindin kowane tudu Maigida yakan tsaya ya kashe mota, a tara gwangwanin tumatir a tare ɗan man da zai zubo, a cire ƙarami a sa babba, a juye na gwangwani a tanki. In an haye, a sake tsayawa a mayar da ƙarami. Tsakanin Tanut da ƙauyenmu tuddai uku ne, tsayawa shida ke nan, kowacce kamar lokacin da shayin farko yake ɗauka kafin ya nuna. Ga ƙarfen da zafi, har yau akwai tabonsa a yatsuna.

Ranar Juma'a da yamma yakan sa in kwance masa buji huɗun in jera su a tabarma, ya ɗauka ɗaya-ɗaya yana duba bakinsu. In ya ga fari kamar toka, ya ce tana jin yunwa, za ta ci kanta. In ya ga baƙi kamar gindin tukunya, ya ce ta ƙoshi har tana zubarwa. Launin ƙuli-ƙuli yake nema, in ya gan shi sai ya gyaɗa kai ya miƙo mini in mayar. Ni kuwa, gaskiya, na tsani ƙaramin jiklar. Ina saurayi, na riga na sami takardar tuƙi, ina ji da kaina. Ranar kasuwa motoci su wuce mu ɗaya bayan ɗaya, na bayansu suna ɗaga mana hannu suna cewa mu gai da masu jakuna. Wata rana na kasa daurewa na ce, "Maigida, motar nan fa tana da ƙarfi, mu muke danne ta." Ya ce, "Na sani. Ni na ajiye mata shi." Na ce, "Har yaushe?" Ya ce, "Har tudu." Sau biyu ko uku mun tarar da waɗanda suka wuce mu a gaba, sun buɗe tanki suna leƙe, ya tsaya ya tsiyaya musu abin da zai kai su. Ko wannan bai sa na so ƙaramin ba. 

Abin da yake sanyaya mini rai a hanyar nan shi ne ƙarshenta. Yayata, wadda ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana aure a nan ƙauyen, gidanta ne na farko in ka fito daga gabas. Ta san kukan Taguwa tun daga nesa, kafin mu iso ta dama fura ta fito bakin danga da ƙwarya. Auta take ce mini har gemu ya fito mini. Takan ce wa Maigida, "Baba, ana dai ba shi abinci ko? Na ga wuyansa ya yi tsawo." Shi kuma ya ce, "Ana auna masa."

Sai aka yi shekarar da damina ta yi gardama, ta bayanta ma ba ta yi kirki ba. Rumbuna suka ƙare tun kafin bazara. Mutanenmu suka ci anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, suka sayar da jakuna da shanu, waɗanda ba a sayar ba suka mutu, daga ƙarshe aka ci iri. Wanda bai yi noma ba ba zai san nauyin wannan maganar ba. Irin shuka shi ne damin da ake ɓoyewa a ƙuryar rumbu, ba a taɓa shi ko yaro yana kuka. A shekarar nan an taɓa. Ofishin noma ya ware wa ƙauyenmu buhu goma na irin gero, aka ajiye su a Tanut. Dattawan ƙauye da kansu suka ce kada a kawo sai ruwa ya sauka, don in irin ya kwana a gari da yunwar nan, turmi zai shiga, ba ƙasa ba.

Ruwa ya sauka wata Talata da la'asar, mai yawa, ruwan shuka. A ƙasarmu ta rairayi danshin ruwan farko kwana uku yake yi, a na huɗu ya nutse inda sungumi ba ya kaiwa. Wani ya hau dokin mai gari, wanda shi kaɗai ya rage, ya iso Tanut Laraba da yamma. Muka loda buhunan kafin magariba. Fetur kuwa ya yanke a gari, abin da aka iya tattarowa shi aka juye mana a tanki. Maigida yana kwance, kurkunu ya fito masa a ƙafa, ko tsayuwa ba ya iyawa. Ya sa aka ɗauko shi zuwa ƙofar gida, na tsoma sanda na kawo masa. Ya ɗora babban yatsa a tsagar ƙarshe, man ya haura ta da kamar faɗin yatsa biyu. Ya ce, "Zai kai ka, har da ɗan saura. Amma da tuƙina, ba da naka ba." Ya cire jakar fatar daga wuyansa ya rataya mini. "Tsayawa shida ce. Kada ka ɗauki kowa, kada ka ɗauki komai ban da ruwan sha. In ka yi yadda muke yi, azahar za ta yi maka a ƙofar yayarka, su fara shuka da yamma su ƙarasa Juma'a." Na ce to. Wannan ne karo na farko da zan fita da ita ni kaɗai.

Na tashi Alhamis gari na wayewa. Har tudun farko na yi komai daidai. Na tsaya, na tara gwangwani, na cire ƙarami na sa babba. Garin haka ƙaramin ya suɓuce ya faɗa rairayi, na durƙusa ina tona da yatsu har na same shi, na hure shi na sa a jaka. Wannan ya ci mini lokaci, ya kuma tsorata ni. Taguwa ta hau tudun da buhu goma kamar ba komai a bayanta. Da na kai sama na hango gonakin wani ƙauye a ƙasa, maza a gaba da sungumi suna sara, mata a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Rana ta fara zafi, busasshiyar iska ta taso, ina ganin saman ƙasa yana yin fari. Na ce a raina, ga su suna shuka, namu suna zaune suna kallon hanya, ni kuma in tsaya ina wasa da ɗan ƙarfe. Na tuna yatsa biyun nan na saura, na ce zai isa. Ban tsaya ba.

Shekara da shekaru ina gaya wa kaina cewa gaggawar kai iri ce ta hana ni tsayawa. Akwai wannan. Amma yanzu na tsufa, ba ni da wanda zan ɓoye wa. Daɗi na ji. A fakon da ke tsakanin tudun farko da na biyu na taka totur yadda ban taɓa takawa ba, motar ta buɗe murya, iska tana dukan fuskata, masu shuka suna miƙewa suna kallona. Shekaru ina jiran in ji wannan kukan. Na haye tudu na biyu ban ko rage gudu ba. Sau biyu hannuna ya kai kan sandar aduwa, zan tsaya in tsoma, na fasa, don ba na son in ga abin da za ta nuna mini.

Na haye tudu na uku da hantsi, kafin lokacin da Maigida yakan kai na biyu. Ban yi nisa da saukowa ba ta yi tari. Ta kama, ta sake tari, sannan ta yi shiru, ta gangara ta tsaya kusa da wata aduwa. Na tsoma sanda ta fito a bushe. Daga nan zuwa ƙauyenmu tafiyar wuni ce da ɗoriya a ƙafa, kuma ko na je ba dabbar da za ta ɗauko buhu. Na zauna a inuwar motar. Abin da na yi bayan nan shi ne ya fi ci mini rai har yau. Na tashi na ɗauko sufana, na cire babban jiklar, na ɗaura ƙarami, na share wurin da tsumma. A natse na yi shi, ban ƙone ba, don ƙarfen ya huce. Tsayawar da na ƙi yi saboda iri, na yi ta don in rufa wa kaina asiri.

Na lulluɓe buhunan da tamfol na nufi wata rijiya da na sani ta arewa. Da yamma na tarar da wasu Buzaye makiyaya. Dattijonsu da ya ji abin da ke cikin buhunan bai tambayi lada ba, sai dai raƙumansa suna nesa wurin kiwo, kuma sun rame. Sai Juma'a da rana aka tattaro biyar, muka zo muka ɗaura kaya. Ba su da ƙarfin da za a kore su, a hankali muka tafi. Asabar da la'asar muka shiga ƙauye, ina riƙe da akalar na gaba, ƙafafuna sun farfashe.

Duk gari ya fito. Mahaifina ya wuce gonar da ke bayan gida ya durƙusa ya tona da hannu. Ya tona har wuyan hannu, ya ɗebo ƙasa ya dunƙula, ya buɗe, ta zube. Ya yi haka a wuri uku, sannan ya karkaɗe hannu ya ce, "Allah bai yi ba. A kai rumbun mai gari a rufe." Aka tambaye ni abin da ya faru. Na ce man da aka ba mu ne bai isa ba, ga rairayi ya jiƙe ya yi nauyi. Ba wanda ya yi shakka. Suka yi ta sa mini albarka, wai na taka daji ni kaɗai na nemo raƙuma. Yayata ta zaunar da ni, ta kawo ruwan ɗumi da gishiri ta wanke mini ƙafa, tana cire ƙaya ɗaya-ɗaya tana cewa, "Sannu Auta, ka yi iyakar ƙoƙarinka." Na bar ta ta wanke.

Na koma Tanut tare da wasu matafiya. Bayan mako guda mai ya iso gari. Maigida ya sa aka ɗora shi a motar wani abokinsa da jarka biyu, ƙafarsa a naɗe, muka je inda Taguwa take. Na yi saurin nuna masa ƙaramin jiklar a ɗaure a wurinsa. Bai kalla ba. Ya ce, "Kwance mini buji." Na kwance na farko na miƙa masa. Baƙi ƙirin, har yana shafa a yatsa. Ya juya shi, ya ce a kawo na biyu. Da ya ga huɗun sai ya ce wa abokin nasa ya ɗan ba mu wuri.

Ya ce, "A wane tudu ka bar babban?"

Na ce, "Na farko."

Ya daɗe yana kallon hanyar da ta nufi ƙauyenmu. Ya ce, "Ni ba zan faɗa wa babanka ba, ba ni ya kamata in faɗa ba. Kai za ka faɗa masa."

Na ce to. Bai kore ni ba, bai zage ni ba. Na ciro jakar daga wuyana zan ba shi, ya ce in bar ta inda take. Har ya rasu bai sake tayar da maganar ba.

Ruwa na biyu bai zo ba sai bayan kusan mako uku. Aka yi shuka a makare. Gero ya tsiro, ya yi kyau ma, ya fid da kai, sai damina ta ɗauke kafin ya yi ido. Ƙauyen nan da na hango daga tudun farko shukarsu ta jure, ba su sami da yawa ba, amma sun ci har bazara. Namu kara aka yanka. Na je da kaka da niyyar faɗa wa mahaifina. Na same shi a gona yana murza zangarniya a tafin hannu ko zai sami ƙwaya. Na ce, "Baba." Ya ce, "Kama mini wannan damin." Na kama masa. Muka yi ta ɗaurin kara har rana ta faɗi, ban faɗa ba. Kafin sanyi ya shigo gidaje da yawa suka tashi suka yi kudu. Mijin yayata ya kwashe ta da 'ya'yanta uku za su tsallaka iyaka, wai sai damina su dawo. Ni na kawo su Tanut a Taguwa, tsayawa shida, ban tsallake ko ɗaya ba. Ba su dawo da damina ba. Can ƙaramin ɗanta ya rasu, can mijin ya rasu, can ta aurar da sauran. Mahaifina ya rasu bai sake ganinta ba, bai kuma ji abin da na je faɗa masa ba.

Na tuƙa Taguwa shekaru masu yawa bayan Maigida ya bar mini ita. 'Yan tasha suka mayar mini da sunansa, har yau wasu Baba Sannu suke ce mini, suna tsammani haka aka halicce ni. Da yawa sun koyi aiki a hannuna, na koya musu launin buji da tsagar sanda, ban taɓa gaya wa ko ɗaya yadda ni na koya ba. A ƙauyenmu kuma maganar ta zauna yadda na faɗe ta. In ana hirar da, sai ka ji wani tsoho ya ce, shekarar nan da aka ba su mai kaɗan, ya nuna ni ya ce ga wanda ya taka daji. Ni kuma in sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce.

Bara yayata ta dawo. Jikanta ne ya kawo ta, ta ce tana so ta ga kabarin mahaifinmu kafin ta bi shi. A gidana ta sauka. Ta ranƙwafa, Hausarta ma ta koma ta can, amma da ta shigo ta ga motar a kan duwatsu sai ta tsaya ta dafa ta ta ce, "Taguwa, kina nan." Washegari da hantsi muna zaune a inuwar nan, ita a tabarma ni a kujera, tana ba ni labarin gidajen haya da ta zauna, sai ta ce, "Da sun ba ku mai isasshe a shekarar nan, Auta, da ban je ko'ina ba." Ba da zafi ta faɗa ba, a cikin hira ne kawai.

Na shiga ɗaki na ɗauko jakar fatar, wadda jiklar biyun suke ciki tun da Taguwa ta daina tafiya. Na zazzage su biyun a tafin hannunta, na faɗa mata duka, tun daga tudun farko har canjin da na yi a gindin aduwa. Na faɗa mata man ya isa, har da yatsa biyu. Ban rage komai ba, har daɗin da na ji. 

Da na gama ta ce, "Wane ne ƙaramin?"

Na nuna mata. Ta ɗaga shi sama, ta rufe ido ɗaya, ta daɗe tana neman hasken ramin, don ganinta ya ragu.

Ta ce, "Canjawar tana daɗewa ne?"

Na ce, "Kamar a dafa shayi."

"Na farko, ko har na uku?"

Na ce, "Na farko."

Ta juya shi a yatsunta. Na jira ta zage ni, da ta zaga da na ji sauƙi. Ta ce, "Ni duk shekarun nan na ɗauka wani babban abu ne ya raba ni da gida."

Ta mayar da su jakar, ta ja bakin ta ɗaure, ta miƙo mini. Sannan ta ce in kira jikan nata ya kama ta, tana so ta shiga ciki ta kwanta. Ta yi kwana tara a gidana, ta ci ta sha, ta yi wasa da jikokina, mun yi sallama lafiya. Amma daga ranar nan har ta shiga mota, da sunana na yanka take kirana, ba ta sake ce mini Auta ba.